Yadda zaka fitar da faɗin saman hula daga awon kai, ba sai kayi ta ɓarnar yadi ba

Duk wanda ya taɓa sayen hula a kasuwa yasan tambayar farko da mai hula zai maka ita ce lamba nawa kake sawa, kace 22 ko 22 da rabi ko 23. Toh wannan lambar ba komai bace illa kewayen kanka a inci, wato in an zagaya tef ta goshi zuwa ƙeya. Inda masu koyon ɗinki ke rikicewa shine wajen yanke saman hular, don shi faɗinsa ake buƙata, kai kuma kewaye kawai ka auna.

Sirrin lamba ɗaya ce. Kowace da'ira a duniya, bakin rijiya ne ko faifai ko tayar keke, kewayenta yana ninka faɗinta sau uku da ɗan ɗori. Masu lissafi suna kiran lambar fai, kusan 3.14 ce, ko kace 22 bisa 7. Arkimidis ɗan Girka ya kimanta ta sama da shekara 2,200 da suka wuce, ya nuna bata kai 22 bisa 7 ɗin cif ba, amma ɗan gibin almakashinka ma bazai gane shi ba.

Yanzu ga aikin. Auna kan mutum, kada ka matse tef ɗin kuma kada ka sake shi yayi lako-lako. Muce ka samu inci 22. Ninka shi sau 7 ka raba da 22, amsa inci 7, shine faɗin saman hular daga gefe zuwa gefe ta tsakiya. Mai 21 zai baka kusan 6.7, mai 23 kusan 7.3, masu manyan kawuna ƴan 24 kuma 7.6. In da waya a hannunka kawai raba awon da 3.14 a kalkuleta ka huta.

Sai zane. Raba faɗin gida biyu, 7 ta zama 3 da rabi. Samu kwali, kafa allura a tsakiya, ɗaura zare a jikinta, ɗaya bakin ka ɗaura fensir yadda tsakaninsu zai zama inci 3 da rabi daidai, sai ka ja zaren ya miƙe ka zagaya har ka dawo inda ka fara. Zaren roba ko mai talewa baya yi, zai baka ƙwai maimakon da'ira. Yanke kwalin, ɗora shi kan yadi ka bi da alli, sannan ka bar kamar rabin inci a waje na cin ɗinki. Ni kwalin nake ajiyewa in rubuta lambar a jikinsa, gobe in mai 22 yazo ba sai na sake lissafi ba.

Wasu zasu ce ai raba uku ma ya isa, me ye na wahala. Gwada ka gani, 22 raba uku zai baka 7.3, wanda shine saman mai lamba 23, kaga ka ƙara inci guda cur a kewaye, shiyasa saman yake tattarewa yana cukurkuɗewa in an zo haɗa shi da jiki.

In kuma yawan filin da za'a yi wa aiki kake son sani, sai ka ninka rabin faɗi da kansa, sannan sau 22 bisa 7. Namu 3.5 sau 3.5 sau 22 bisa 7 ya bada murabba'in inci 38.5. Anan ne ake cutar kai wajen yanka kuɗin aiki, don in faɗi ya ninka biyu filin sau huɗu yake ninkawa, zanen da'ira mai faɗin inci 14 a bayan riga zaren guda huɗu na mai inci 7 zai ci.