Yadda ake tuƙa keke daga Agadas zuwa Damagaram don tara kuɗin taimako

Duk matashin da ya zo mini da maganar hawan keke don tara kuɗin rijiya ko littattafan makaranta, riga mai tambari yake fara nuna mini. Ba riga ce za ta kai ka ba. Tsakanin Agadas da Damagaram akwai kusan kilomita 450, manyan zangon da ke hanya kuma biyu ne kacal, Aderbissinat da Tanut.

Ka fara da lokaci. Nuwamba zuwa Janairu ne lokacin tafiya. Afrilu da Mayu kar ma ka kawo su a ranka, zafi kan haura digiri 40. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take kaɗawa, shi ya sa nake cewa a ɗora kekuna a mota zuwa Agadas, a gangaro kudu iska tana tura ku. Na ga waɗanda suka taso daga Damagaram suna kokawa da ita, ba su kai Tanut ba gwiwa ta ƙi.

Kafin komai ka nemi izinin hukuma, ka sanar da jandarma. Hanyar nan tana da matsalar tsaro. In sun ce a jira rakiya, a jira.

Sai ruwa, a nan ni na sha wuya. Daga Agadas zuwa Aderbissinat ya haura kilomita 150. Mun dogara da rijiyar da wani direba ya kwatanta mana, muka isa muka tarar raƙuma sun yi layi, ga shi ba mu da guga ko igiya. Ɗaya daga cikinmu ya daina gumi, magana ta fara sarƙe masa, sai a mota aka ƙarasa da shi. Tun daga ranar dokata ɗaya ce: ba mota mai jarkoki a bayanku, ba tafiya. Hayarta ce za ta fi cin kuɗi, amma gara a rage mahaya da a rage ta. Kowa ya riƙa kurɓa tun ƙishi bai kama shi ba. Ka ware gora ɗaya ta ruwan gishiri da sukari: a kowace lita guda, zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali. Wanda ya ga fitsarinsa ya yi ja, ya faɗa, ba abin kunya ba ne. A tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin rana ta take, sai la'asar a ci gaba.

Ƙaya ma abokiyar gaba ce. Kada ka tura keke gindin aduwa don neman inuwa, ka bar shi bakin titi, tsidau da ƙayar aduwa ba sa raga wa taya. Tiyub biyu, faci, gam da famfo a jakar kowa. Ni keke mai faɗin taya nake so, ko na hannu ne. Kar ka labta wa sarƙa mai, rairayi zai manne.

In kun shiga gari, ku fara gaida maigari kafin a ɗaga waya ana hoto. Dabino da ƙuli-ƙuli sun isa guzuri. Kuɗin taimako a tara su a asusu tun kafin tashi, kar a ɗauko su a aljihu, in an dawo a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da mota ta ci.