Yadda ake miƙe parshok ɗin tsohuwar mota idan ya lanƙwashe

Wanda ya taɓa ɗaga parshok ɗin tsohuwar Land Cruiser, abin da ƴan Najeriya ke ce wa bamba, ya san ba irin robar motocin yanzu ba ne. Ƙarfe ne mai kauri, kuma yana gyaruwa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an yanke shi an kai kasuwar Katako ta Yamai an sayar a kilo, an liƙa wa mota guntun bututu.

Kafin ka ɗauki guduma, san irin ƙarfen da ke hannunka. Na Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, da na 504 ta 1968, farin ƙarfe ne marar tsatsa: wuta na mayar da shi shuɗi, yawan duka na sa shi tauri har ya tsage. Na Marsandi an yi masa rufin kurom, in ya sha wuta rufin ya ƙone ke nan. Na Land Rover kuwa rufin tutiya ne a jikinsa, irin na kwanon rufin ɗaki, hayaƙinta na sa zazzaɓi, sai ka kankare wurin tukuna, ka yi aikin a fili. Na Land Cruiser mai fenti shi ne mai haƙuri.

Kwance shi daga mota. Bulon da ya yi tsatsa, jiƙa shi da gazuwal ya kwana. Duba ƙafafun da ke riƙe shi da shasi, don sau da yawa su ne suka karkace, parshok ɗin lafiyarsa lau. Sannan ka aza kwali a gefen da bai bugu ba, ka zana, ka yanke. In ka juya kwalin, shi ne ma'auninka a gefen da ya lotsa.

Fara da sanyi. Ɗaure parshok da sarƙa a jikin ƙarfe mai nauyi, sa katako tsakaninsa da kirik, wato abin ɗaga mota, ka tura sannu sannu. Wuce layi kaɗan, domin in ka saki zai ɗan koma. Kada ka tsaya saitin sarƙa.

Abin da kirik ya kasa, shi ake kai wa wuta, kuma nan yara masu koyo ke ɓata aiki. Da shalimo, wato wutar gas ta masu walda, za ka gasa kan lanƙwasar kaɗai, faɗin yatsu biyu ko uku, har ta yi ja mai duhu, wajen digiri 650 zuwa 700. Ranar Yamai maƙaryaciya ce a nan: a tsakar rana ƙarfe zai wuce wannan zafi kana ganinsa baƙi. Shiga rumfa, ko ka bari sai bayan la'asar. In ya koma ruwan lemu, ka zarce.

Bugu daga ciki ake yi, an aza fuskar a kan kututturen icce don kada ta yi tabo. Fara daga bakin lotsawar kana zagayawa zuwa tsakiya. Wanda ya dira wa tsakiya guduma tun farko ya shimfiɗa ƙarfen, sai ya tashi da ƙululu, kuma mayar da ƙululu ya fi miƙe lanƙwasa wuya. Dukan ya zama ƙanana masu yawa, kana aza kwali a kai a kai.

Kada ka kwara masa ruwa don kana sauri. Bar shi ya huce da kansa, ka sha shayinka.

Da ya huce, goga magagari a fuskar: inda ya yi haske tudu ne, inda bai taɓa ba rami ne, sai ka bi su da ƙaramar guduma. Tsaga kuwa, huda ƙaramin rami a ƙarshenta kafin walda. Gwada shi a jikin mota, ka auna tazarar dama da hagu, sannan ka sake kwancewa. Parshok mai fenti a shafa masa maganin tsatsa ciki da waje kafin fenti. Na Peugeot takardar gogewa kawai yake so, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ka ga fuskarka a ciki.