Yadda Nake Kare Zanen 3D Ɗina Daga Masu Kwashewa

Fayil ɗin STL, wato fayil ɗin da ake buga zanen 3D da shi, ba shi da makulli. Duk wanda ya sauke shi zai iya ɗora shi a wani shafi da sunansa, ko ya buga ya sayar. Shi ya sa ba na wahalar da kaina wajen hana kwafi, hujja nake tarawa.

Kafin ka fitar da fayil, sassaƙa sunanka a jikin zanen kansa, ba a hoton talla kaɗai ba. Ni biyu nake sa wa: ɗaya a gindi inda kowa zai gani, ɗaya ƙarami a wani lungu. Na fili ɓarawo zai iya shafe shi a Blender, manhajar zanen 3D, nan da nan, na ɓoyen ne ke tona masa asiri.

Fayil na asali da ka yi zanen a ciki, .blend ko STEP, kada ya bar kwamfutarka, domin shi ma hujja ne.

Batun lasisi kuwa, a nan mutane ke tuntuɓe. Lasisin Creative Commons mai suna CC BY-NC-ND ya hana kasuwanci da rarraba zanen da aka sauya, amma ya halatta a sake ɗorawa muddin an ambace ka, kuma ba ya janyuwa daga wanda ya riga ya sauke. In ba ka son haka, kada ka zaɓe shi.

Lokaci-lokaci ka binciki hotunanka da Google Lens, manhajar bincike da hoto. In ka kama wani ya ɗora zanenka, ɗauki hoton shafin tukuna, sannan ka aika ƙorafin DMCA, dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, tare da adireshin inda ka fara ɗorawa da kwanan watansa.