Kafin ka sayi karen gadi a Gombe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga ana yawan tambayar wane kare ya fi dacewa da gadin gida, to ga tawa shawarar.

Fara duba zafin garinmu. Daga Maris zuwa Afrilu ana kaiwa digiri 40, don haka kare mai gashi cunkus irin Caucasian, wanda asalinsa ɗan ƙasar sanyi ne, wahala kawai zai sha. Sai ka gan shi kwance gindin randa, harshe waje, yana haki. German Shepherd yana da kaifin basira da saurin ɗaukar horo, amma shi ma sai da inuwa da ruwa kullum.

Boerboel ɗan Afirka ta Kudu ne, gashinsa gajere, girmansa kaɗai ya isa ya sa ɓarawo ya canja shawara. Sai dai akwai ci! In tuwon gidanka da ƙyar yake isa, kada ka fara. Kuma in ba a horar da shi tun yana kwikwiyo ba, haɗari ne ga yara da almajiran da ke leƙowa.

Ni dai a ganina karenmu na gida, irin na mafarauta, an raina shi ne kawai. Yana jure zafi, ba ya yawan ciwo, motsi kaɗan ya ji zai tashi unguwa da haushi.

Kowanne ka ɗauka, a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar ciwon haukan kare yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. A kuma dinga duba cikin kunnuwansa da tsakanin yatsu saboda kaska, musamman da damina.