Toka don maiƙo, lemun tsami don farin ɓawon buta

Dattin kicin iri biyu ne, kuma kowanne da maganinsa. Akwai maiƙo, akwai kuma farin ɓawon nan da ruwan burtsatse ke bari a gindin buta da bakin famfo, wanda matan Gombe sun san shi sarai.

Maiƙo dai toka yake so. Ki tankaɗe tokar icce ko ta gawayi, ki auni gwangwanin madara 2, ki zuba a bokitin roba, ki kwara ruwan zafi lita 2, ki motsa, ki bar shi ya kwana. Da safe ki tsiyaye ruwan saman a hankali, kada laka ta biyo. Wannan ruwan in ya haɗu da mai sai ya mayar da shi kamar sabulu, shi ya sa yake cin maiƙon tukunyar miya da kaskon suya. Jiƙon minti 15 ya isa, sai soso. Amma fa kada ki bar tukunyar dalma ta kwana a ciki, domin yana cin dalma, ta dushe ta yi baƙi. Tokar da aka ƙona leda ko roba a cikinta ba ta shiga wannan aiki sam. Ki sa safar hannu ta roba, don yana busar da fata, ki kuma kiyaye ido, ki ajiye shi inda yara ba za su kai ba.

Farin ɓawon kuwa toka ba ta taɓa shi, tsami ke narkar da shi. Ki matse lemun tsami 5 a rabin litar ruwa, ki tafasa a cikin butar, ki bari ya huce na rabin awa, ki ɗauraye. Idan ɓawon ya yi kauri, ki maimaita. Kankara da wuƙa ɓata butar kawai take yi. Jiƙaƙƙiyar tsamiya da ɗan gishiri ma tana fito da hasken kayan tagulla. Tsami dai ba ya zuwa kan daɓen mabul, yana cinye ƙyallinsa.

Haɗa ruwan toka da lemun tsami asara ce, kowanne kashe ƙarfin ɗan'uwansa yake yi. Wanda ya fi haɗari shi ne zuba tsami a kan bilic irin su Hypo ko Jik: iskar da ke tashi guba ce, tana ƙona huhu, musamman a rufaffen bayi.

Waɗannan duk na wanke datti ne. Idan akwai mai amai da gudawa a gida, bilic za ki sa a bayi da fo, shi kaɗai da ruwa, taga a buɗe.