Yadda ake gano mutumin da ya shiga rajistar zuri'a sau biyu a Gramps

Mutum yakan shiga rajista sau biyu idan aka haɗa fayil ɗin GEDCOM (nau'in fayil da ake musayar bayanan zuri'a da shi) da wani ɗan'uwa ya aiko da wanda ke hannu, ko kuma aka rubuta shi a matsayin ɗa a gidan mahaifinsa, aka sake rubuta shi a matsayin miji a gidansa. Gramps manhaja ce ta kyauta ta rajistar zuri'a, kuma tana da kayan aikin binciko irin wannan.

Kafin ka taɓa komai, adana kwafin rajistar ta "Make Backup" da ke ƙarƙashin "Family Trees". Haɗa mutane biyu na da sauƙi, raba su bayan an rufe manhajar shi ne wahala.

Daga nan shiga "Tools", sai "Family Tree Processing", ka zaɓi "Find Possible Duplicate People". Akwai matakan kamanni uku. Fara da "High", wanda ke kawo kaɗan masu kama sosai, ka gama da su kafin ka sauko. Wanda ya fara da "Low" zai sha jerin da ba zai iya tacewa ba.

Akwai akwatin Soundex, tsarin da ke mayar da suna harafi ɗaya da lamba uku bisa sauti. Kunna shi, amma ka san iyakarsa, domin an gina shi ne a kan sunayen Turawa. Abubakar da Aboubacar, yadda ake rubutawa a Nijar, duk suna ba da A112, don haka zai kama su. Usman kuwa U255 ne, Ousmane O255: harafin farko kaɗai ya raba su. Garba G610 ne, Habu H100, alhali duk Abubakar ne. Haka Binta da Fatima, Indo da A'isha, Sanda da Umaru. Manhajar tana fara kasa mutane ne bisa jinsi da sunan dangi, to wanda aka sa masa sunan mahaifi a wuri ɗaya, sunan gari a wani wuri, ba za a ma gwada su ba. Waɗannan sai da ido: buɗe kowane gida, ka karanta 'ya'yan kowace mata.

Babban haɗarin shi ne takwara. Ana yi wa kaka takwara da jika, 'yan'uwa uku ma kan sa wa 'ya'yansu sunan mahaifinsu, sai ga Muhammadu huɗu a zuri'a ɗaya. Kada ka haɗa bisa suna kawai. Duba sunan uwa tukuna, musamman a gidan mata da yawa, sannan matar aure, gari da shekarar haihuwa. Shekarun da aka ƙiyasta kan bambanta da biyu ko uku, amma tazarar shekara 40 kaka ne da jika. In akwai shakka, bar su a rarrabe, ka tambayi dattawan gidan.

In ka tabbatar, zaɓi su biyun a jerin mutane kana riƙe da Ctrl, ka danna "Merge". Zaɓi sunan yanka a matsayin babban suna, ɗayan zai zauna a matsayin ƙarin suna. Bayan haka duba shafin mutumin, domin haihuwa ko aure kan fito sau biyu, matarsa da 'ya'yansa ma na iya zama bibbiyu. Su ma sai an haɗa su ɗaya bayan ɗaya.