Yadda Ake Bin Diddigin Takardun Ɗan Takara Idan Zargi Ya Taso

Da zarar kakar zaɓe ta kunno kai sai zarge-zarge su cika waya: wane ba shi da takardar sakandare, wane ba haifaffen ƙasar nan ba ne, wane ya yi ƙaryar shekaru. Wani zargin gaskiya ne. A 1999 Salisu Buhari ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai bayan mujallar The News ta bankaɗo cewa bai yi Jami'ar Toronto ba, kuma ya ƙara wa kansa shekaru. Wani kuwa ba shi da tushe balle makama, kamar labarin Jibrin na Sudan da aka ce ya maye gurbin Shugaba Muhammadu Buhari a fadar gwamnati, har ta kai shugaban ya ƙaryata da bakinsa a Poland a Disambar 2018. Duka biyun ta hanya ɗaya suke iso maka, ta WhatsApp ko teburin mai shayi. Takarda ce ke raba su, kuma doka ta buɗe maka hanyar samun ta.

Mataki na farko: mayar da zargin tambaya guda

"Bai cancanta ba" magana ce ta majalisar hira, babu ofishin da zai amsa ta. Sai ka duba abin da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya nema. Sashe na 131 ya gindaya wa mai neman shugabancin ƙasa sharuɗɗa huɗu: ya zama ɗan Najeriya ta haihuwa, ya kai shekara 35 (da can 40 ne, gyaran 2018 ya rage), jam'iyya ta tsayar da shi, kuma ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. Sashe na 177 ya faɗi irin wannan game da gwamna. Sanata shekara 35, ɗan Majalisar Wakilai da na majalisar jiha 25.

Yawancin masu zargi a kan sharaɗin karatu suke tuntuɓe. Kundin bai nemi digiri ba, bai ma ce dole a ci jarrabawa ba. Sashe na 318 ya fassara "makamancinsa" da faɗi: takardar malanta ta Grade II, ko karatu zuwa matakin sakandare, ko ma shaidar gama firamare idan aka haɗa ta da aikin shekara 10, da kwasa-kwasan da jimillarsu ta kai shekara guda, da iya karatu da rubutu da Turanci yadda INEC ta gamsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙorafin takardar WAEC ta Shugaba Muhammadu Buhari bai yi nasara ba a kotun sauraron ƙarar zaɓe ranar 11 ga Satumba 2019.

Inda wuƙar take da kaifi shi ne takardar jabu. Sashe na 137(1)(j) ya haramta takarar shugabancin ƙasa ga duk wanda ya miƙa wa INEC satifiket na bogi, ko da ba a bukatar wannan satifiket ɗin. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: me ya miƙa, kuma wanda aka ce ya bayar da takardar ya amince tasa ce?

A batun zama ɗan ƙasa, kada ka ruɗe da wurin haihuwa. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan Najeriya ne ta haihuwa muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Wanda aka haifa a Makka ko Landan bai rasa komai ba. A 2019 APC ta ce Atiku Abubakar ba haifaffen Najeriya ba ne, domin a 1946 Jada na cikin Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila, sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 yankin ya shigo Najeriya. Kotun sauraron ƙarar zaɓe ta yi watsi da ƙorafin, Atiku ya kuma sake tsayawa a 2023.

Mataki na biyu: rubuta abin da zai gamsar da kai tun kafin ka gani

Wannan matakin ba ya cin ko sisi, amma shi ne ke hana mai bincike zama mai yaɗa ƙarya. Ɗauki biro ka rubuta: "Idan jami'ar ta tabbatar ya kammala a shekara kaza, na janye." Idan ka kasa rubuta irin wannan jumla, to ba amsa kake nema ba.

Amurka ta ga wannan a kan Barack Obama. An ce a Kenya aka haife shi, don haka bai cancanci mulki ba. A Yunin 2008 ofishin yaƙin neman zaɓensa ya fitar da taƙaitacciyar takardar haihuwa ta jihar Hawaii, aka ce doguwar ake so. Ranar 27 ga Afrilu 2011 aka fitar da doguwar, mai nuna an haife shi ranar 4 ga Agusta 1961 a asibitin Kapiolani da ke Honolulu, sai aka ce da kwamfuta aka haɗa ta. Alhali jaridu biyu na Honolulu sun buga sanarwar haihuwar tun a watan Agustan 1961. Sai a Satumbar 2016 Donald Trump, wanda ya fi kowa rura wutar, ya amince a Amurka aka haifi Obama. Duk zargin da kowace sabuwar shaida ke ƙara masa ƙarfi maimakon ta rage, ka yi hattara da shi.

Mataki na uku: karɓo fom EC9 daga INEC

Kowane ɗan takara yana cike fom EC9, wanda a da ake kira CF001, ya rantse a kai a babbar kotu, ya haɗa da kwafin takardunsa. A ƙarƙashin sashe na 29 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, INEC na liƙa waɗannan bayanai a mazaɓar ɗan takara cikin kwana 7 da karɓa, kuma kowa na iya neman kwafi mai hatimi, a ba shi cikin kwana 14 bayan ya biya kuɗin da aka yanka. Majalisa kan yi wa dokar zaɓe gyara, don haka ka duba lambar sashe da wa'adi a dokar da ke aiki lokacin da za ka rubuta.

Ranar da aka liƙa, je ofishin INEC ka ɗauki hoton kowane shafi, har da allon da aka liƙa a kai. Sannan ka rubuta wasiƙa mai ɗauke da cikakken sunan ɗan takarar, jam'iyyarsa, kujerar da yake nema da shekarar zaɓen, ka ce kana neman fom ɗin da duk abin da aka maƙala masa. Kai kwafi biyu, a buga wa naka tambarin karɓa mai kwanan wata, ka adana rasit. In an miƙo maka takardun, kada ka bar wurin sai ka duba cewa an rubuta shaidar kwafin gaskiya ne, da kwanan wata, da sunan jami'in da muƙaminsa, da sa hannu da hatimi. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ke neman waɗannan, kuma rashin ɗaya na iya sa kotu ta ƙi karɓar takardar.

Mataki na huɗu: tambayi wanda ya bayar da takardar

Hoton satifiket da ke yawo a Facebook ba shaida ba ne, rajistar makaranta ce shaida. Ga hukumomin gwamnati kamar jami'o'i da NECO da NYSC, makaminka Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ba sai ka faɗi dalilinka ba. Hukumar na da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙarin kwanakin da ba su wuce 7 ba idan takardun na da yawa, kuma kuɗin kwafi kawai za ta caje ka. Wanda bai iya rubutu ba na iya sa wani ya nema masa. In an ƙi, dole a rubuto dalili. Shiru bayan wa'adi ƙi ne a idon doka, daga nan kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Hanawa ba bisa ƙa'ida ba tarar Naira 500,000 ce. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce kawai, amma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta hau kansu.

Abin da ya fi kashe buƙata shi ne haɗama. Wanda ya rubuta "a ba ni fayil ɗin wane gaba ɗaya" ya ba hukumar hujja da hannunsa, domin sashe na 14 ya kare bayanan sirri, har da na ɗalibai. Ka ƙuntata tambayar: shin lambar satifiket kaza na cikin rajistarku, sunan wa ke kanta, wace shekara aka bayar? A nemi kundin yaye ɗalibai na wannan shekarar ma, tunda an riga an raba shi a bainar jama'a. Ka ƙara da sakin layi guda mai tunatar da su cewa sashen ya halatta bayyanawa idan maslahar jama'a ta rinjayi sirrin mutum, kuma mai neman mulkin miliyoyin mutane ya riga ya rantse a kan wannan takardar.

Makarantun waje labarinsu daban. A Amurka dokar FERPA ta 1974 ta hana fitar da bayanan ɗalibi ba da izininsa ba, shi ya sa Atiku sai da ya je kotun tarayya a Chicago kafin Jami'ar Jihar Chicago ta miƙa takardun Bola Tinubu a Oktoban 2023.

Mataki na biyar: karanta da natsuwa

Jera takardun bisa shekaru a takarda guda: haihuwa, firamare, sakandare, jami'a, hidimar ƙasa. Duba ko lissafin ya hau. An kafa NYSC a 1973, JAMB a 1978, NECO kuma ta fara jarrabawar gama sakandare a 2000, don haka takardar NECO mai ɗauke da 1995 ta tona kanta.

Sunaye na bukatar adalci, musamman a Arewa. Muhammad da Mohammed da Muhammadu duk mutum guda ne, kuma an daɗe malamai na rubuta sunan gari a madadin sunan uba. Dattawa da yawa ba su da takardar haihuwa sai ta rantsuwar shekaru, wannan ba laifi ba ne. Sai dai bambancin suna da ba a ɗinke shi da takardar canjin suna ta hanyar doka ba na iya rusa gwamnati. Ranar 13 ga Fabrairu 2020, ana gobe rantsar da shi, Kotun Ƙoli ta soke nasarar David Lyon a zaɓen gwamnan Bayelsa saboda sunaye mabambanta a takardun mataimakinsa, Biobarakuma Degi-Eremienyo.

A kuma raba tambayoyi biyu da ake cakuɗawa: ya yi makarantar, da kuma takardar da ya miƙa daga makarantar ta fito. Magatakardan jami'ar Chicago ya shaida cewa Tinubu ya kammala a 1979, amma ya ce ba zai iya tantance kwafin da aka miƙa wa INEC ba, domin jami'ar ba ta ajiye kwafin satifiket. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya kai kasuwa. Kai ka kawo rabi biyun tare.

Mataki na shida: kotu da agogo

Ƙarar gabanin zaɓe kwana 14 gare ta kacal daga ranar da abin ya faru, bisa sashe na 285(9) na kundin. Ka lura wa'adin ya yi daidai da na INEC na ba da kwafi, don haka wanda ya jira kwafin ya iso kafin ya nemi lauya ya makara. Dokar 2022 ta kuma taƙaita wannan ƙara ga wanda ya shiga zaɓen fid da gwani na jam'iyyar, a Babbar Kotun Tarayya. Bayan zaɓe, ɗan takara ko jam'iyya ke da kwana 21 su shigar da ƙorafi, kotun ta yanke hukunci cikin kwana 180. Takardun Chicago sun iso bayan wannan wa'adin, kuma ranar 26 ga Oktoba 2023 Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar su. Jabu kuma laifi ne, don haka sashe na 135 na Dokar Shaida na neman a tabbatar da shi ba tare da wata tantama ba, wanda a aikace ke nufin kawo shaida daga hukumar da aka ce ta bayar da takardar.

Talaka mai ƙuri'a ba zai iya shigar da waɗannan ƙararraki ba, amma zai iya miƙa abin da ya samu ga abokin takarar, ko 'yan sanda, ko jarida. Binciken Premium Times na Yulin 2018 kan takardar yafe hidimar ƙasa ta Kemi Adeosun shi ya kai ta ga ajiye muƙamin ministar kuɗi a Satumbar shekarar, ba tare da hukuncin kotu ba.

In za ka wallafa, sa wasiƙarka mai tambari da amsar hukumar cikakkiya, ba yankin da ya dace da ra'ayinka ba. Rufe lambar waya da adireshin gida da lambar NIN. Tura wa ofishin ɗan takarar tambayoyinka a rubuce, ka ba su kwanaki su amsa, ka buga amsar. Kalmominka su tsaya inda takarda ta tsaya: idan jami'a ta ce ba ta ga sunan a rajista ba, haka za ka rubuta, idan kuma ta yi shiru, ka ce ta yi shiru tare da ranar da wa'adin ya cika. Kiran mutum maƙaryaci ko ɗan jabu ba tare da hujja a hannu ba na iya jawo maka ƙarar ɓata suna.